Bayit huɗu da muka cire a kod, lissafin riɗin Alhaji ya ɓace

Bara ne lokacin kakar riɗi, sanyi ya fara saukowa, abin nan ya same mu, kuma tun a lokacin nace sai na zauna na rubuta shi tiryan-tiryan saboda yaran da suke shigowa harkar C, yaren rubuta kod, da kanel, wato zuciyar Linux, a garin nan, don naga da yawansu da sun fara karanta kod ɗin wani, abin da hannunsu yake fara ƙaiƙayin yi shi ne shara, su ga abin da ba a amfani da shi su cire. Ni ina goyon bayan haka, har gobe ina sa su yi. Amma a kod ɗin fayil sistem, wato tsarin da yake jera fayiloli a kan memori, akwai abin da zaka gani kwance ba mai taɓa shi ka ɗauka ya mutu, alhali yana nan daram a cikin memorin mutane da ke hannunsu, kuma a kan wannan muka sha wuya.

Mu huɗu ne a ɗan ofishinmu a Zoo Road, Kano. Sana'armu haɗa wata ƙaramar na'ura da ake jona wa sikeli, buhu ya hau, ita kuma ta rubuta nauyinsa da lokaci da lambar wanda ya kawo kayan a cikin memori irin na waya. Masu sito a Dawanau da Singer su ne kwastomominmu. A cikin na'urar tsohon Linux ne da aka rage masa kaya, yana kan ɗan bod na ARM. Injiniyan da ya fara haɗa ta ya daɗe da barin mu, shi kuma tun farko bai yarda da FAT, fayil sistem ɗin da aka saba gani a memori, ba saboda yawan ɗauke wuta, don FAT ba shi da littafin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu sai ka tarar da teburin ya hargitse. Sai ya zauna ya rubuta nasa ɗan ƙaramin fayil sistem, muna ce masa awofs, duk wanda ya taɓa karanta xv6, wancan ƙaramin tsarin da MIT suke koyarwa da shi, yana gani zai gane inda ya samo fasalin. Bulok ɗaya bayit 1024, akwai babban bulok na farko mai ɗauke da lambar shaida, sai teburin aynod, wato katin shaidar kowane fayil, sai taswirar da take nuna bulok ɗin da aka cika da wanda ba a cika ba, sai wajen bayanan kansu. Kowace rana fayil ɗinta daban.

Ƙaramin cikinmu, muna ce masa Auta, wata shida kenan da zuwansa a lokacin, yaro ne mai himma wallahi, in ka ba shi abu baya ajiyewa sai ya ga ƙarshensa. Na ba shi kod ɗin awofs nace ya karanta ya fahimta. Kwana biyu ya yi yana bin wani struct mai suna awo_cache_node, yana zana shi a takarda, yana neman inda ake cika shi da inda ake sakinsa, sai rana ta uku ya zo yace "Oga, wannan abin fa ban ga inda ake kiransa ba ko waje ɗaya." Na duba naga gaskiyarsa. Abin ya min ciwo, yaro ya ɓata kwana biyu a kan gawa. Wannan ita ce ɓarnar mataccen kod, baya cin wuta baya cin ram, lokacin mai karatu yake ci, kuma yana yi masa ƙarya game da yadda na'urar take aiki. A nan nace masa to ka bi hedar nan, fayil ɗin da ake jera fasalin struct a ciki, gaba ɗaya, duk abin da ba a amfani da shi ka kawo min mu cire.

Ga wanda bai saba da C ba, struct kamar fom ne mai gurabe, kace gurbi na farko bayit 2 ne na kaza, na biyu bayit 4 ne na kaza, a jere. Kuma abin da ya sa irin waɗannan suke daɗewa ba a gano sun mutu ba, kwamfaila, mai juya kod zuwa umarnin inji, bata tsegunta su. Kwamfailar GCC zata gaya maka in ka bar bariyabul ko fankshin na static ba ka yi amfani da shi ba, in ka kunna gargaɗin, amma ka rubuta fasalin struct ka watsar shekara goma ba zata ce uffan ba. Sai dai mutum ya bi da git grep, mai neman kalma a cikin kod, da idonsa.

Abu uku ya kawo.

Na farko shi ne wancan awo_cache_node ɗin. Nan komai ya tafi yadda ake so. git grep ya nuna sunan waje ɗaya tak, inda aka rubuta shi. Na nuna masa git log -S, wanda in ka ba shi kalma zai fito maka da duk komit, wato canjin da aka ajiye a tarihin kod, da yawan kalmar ya ƙaru ko ya ragu a cikinsa, nan take muka ga ranar da injiniyan farko ya cire nasa ma'ajin wucin gadi ya koma amfani da na kanel, ya goge fankshin ɗin duka ya manta da struct ɗin a heda. Muka gina kod kafin cirewa, muka gina bayan cirewa, muka zazzage duka biyun da objdump, mai nuna umarnin injin da kod ya koma, muka gwada, umarnin injin iri ɗaya sak. A ram kawai wannan struct ya taɓa rayuwa, da an kashe na'ura shi ke nan, babu inda ya bar sawu. Muka cire, muka rubuta lambar komit ɗin da ya kashe shi a bayanin facin.

Na biyu awo_rec_v1, shi ma grep waje ɗaya ya gan shi. Auta ya cire, ya gina, ya wuce lafiya. Allah ya sa washegari abokin aikinmu mai kula da tsofaffin bod ya zo gina nasa sai kwamfaila ta ƙi, ashe akwai wani makuro da yake haɗa sunan da alamar ## wato ya ɗauko awo_rec_ ya manna masa v1 ko v2 a lokacin gini, to cikakken sunan ba zai taɓa bayyana a rubuce ba balle grep ya gan shi, kuma ɓangaren v1 ɗin yana cikin #ifdef da sai an zaɓi tsohon bod yake buɗewa. Wannan kuskure ne mai sauƙi don shi da kansa yake ihu, minti goma aka mayar. Shi ya sa masu aikin Linux suke gini da allmodconfig, wanda yake kunna kusan duk ɓangarorin kanel, wasu ma har a kan injina iri-iri, kafin su ce abu ya mutu.

Na ukun ne bai yi ihu ba.

Ga yadda aynod ɗin awofs yake a kan memori, shi ne katin shaidar kowane fayil:

u16 type;
u16 nlink;
u32 size;
u32 mtime;
u32 frag;
u32 addrs[12];

Lissafa da kanka, 2 da 2 da 4 da 4 da 4 ya ba da 16, sai adireshi 12 kowanne bayit 4 ya ba da 48, duka 64. Bulok mai 1024 yana ɗaukar aynod 16 cif ba saura. Shi wannan frag ɗin an tanade shi ne don ya nuna wani struct awo_frag, dabarar cusa wutsiyar ƙananan fayiloli da yawa a bulok ɗaya don kar a yi asarar waje, injiniyan farko ya yi niyya bai taɓa rubuta kod ɗin ba. Ba mai karanta frag, ba mai rubuta shi, kullum sifili ne. Auta ya bi duk matakan da na koya masa, grep, git log -S, ya gina a kan sabon bod da tsoho, komai ya tabbatar masa babu mai amfani da su, sai ya cire struct awo_frag ya haɗa da layin frag ɗin.

Kuma yaron nan ya zo ya same ni. Yace "Oga, wannan karon objdump ɗin ya bambanta fa." Ina tsakiyar waya da wani kwastoma, na leƙa allon nace ai dole ya bambanta tunda gurbi aka cire, tura kawai. Wannan maganar tawa ita ce asalin ɓarnar, kuma har yau in na tuna sai naji ba daɗi, don ya nuna min alamar da idona na kawar da kai. Da na tsaya minti biyu da naga inda ake ninka lambar aynod da 64 ya koma ninkawa da 60.

Ya gwada kuwa, ba wai bai gwada ba. Ya ɗauko sabon memori, ya yi masa fomat da mkfs ɗinmu, manhajar da take shimfiɗa fayil sistem a memori, ya saka, ya ɗora buhunan yashi a sikelin ofis, ya zare wuta ya mayar ya fi sau ashirin, komai lafiya lau. Abin da bamu lura ba shi ne mkfs ɗin da direban awofs da ke cikin na'urar duk heda ɗaya suke karantawa, to da aka rage gurbin sai duka biyun suka koma 60 tare, mai rubutu da mai karatu bakinsu ɗaya, ina za a ga matsala?

A satin muka yi wa na'ura uku filashin da sabon ginin, wato muka ɗora musu shi. Biyu sababbi ne da sababbin memori, suka tafi Singer. Ɗayar ta wani Alhaji ce mai sayen riɗi a Dawanau, an kawo ta ne a canza mata allo, muka ce tunda ta zo bari a sabunta ta, aka mayar mata da memorinta na da mai ɗauke da awon sati biyar. Ranar Talata aka mayar.

Alhamis da hantsi waya ta shigo. "Injiniya, kana ina? Akawuna yace babu komai a cikin injin nan, gobe Juma'a zan sallami mutane, wasu tun daga Jigawa suka kawo kaya, da me zan biya su?" Nace ranka ya daɗe kar a sake ɗora ko buhu ɗaya, a kashe ta a zare memorin, gani nan. Na ɗauki Auta a mashin muka miƙi titin Katsina.

Ba zan manta yadda muka tarar da sito ɗin ba. 'Yan dako sun jingina da buhuna suna jira, ƙurar riɗi ta yi fari-fat a kan allon na'urar har sai da akawun ya goge da hannun rigarsa, ga dillalai uku a kan benci kowa da ɗan littafinsa a hannu, ɗaya dattijo ya naɗe nasa da leda. Akawun ya danna min jerin ranaku, Talata da Laraba ne kawai suka fito, sai ta Alhamis da bai kai ga buɗewa ba. Sati biyar babu. Shi Alhaji bai ɗaga murya ba, abin da yace kawai shi ne "Ni na ce wa mutanen nan su daina wahalar rubutu, inji yana riƙe musu. Yanzu in wani yace buhunsa 40 ne akawu yace 36, wa zan ƙaryata?" Wannan ta fi min zagi zafi. Auta kuwa ko kallon mutane ya kasa yi.

Dalilin da ya sa aka kwana biyu ba a lura ba, awo yana tafiya daidai, risit yana fita, allon yana nuna na ranar, ba mai waiwayar baya sai ranar haɗa lissafi.

Abu na farko da muka yi a nan cikin sito, na saka memorin a laftof ba tare da na bari an hau shi ba, na kwafe shi ɗungurungum da dd, kwafi biyu, ɗaya a laftof ɗaya a filas, na sa memorin a ambulan na ba Alhaji nace ya ajiye a aljihunsa. Duk binciken da ya biyo baya a kan kwafi aka yi shi. Muka roƙi a ci gaba da awo da biro da takarda zuwa dare.

Da muka dawo ofis na buɗe hoton, wato kwafin memorin, da hexdump mai nuna bayit ɗaya-ɗaya. Babban bulok lafiyarsa ƙalau, lambar shaida tana nan, shi ya sa direban ya karɓi memorin ba gardama. Na gangara teburin aynod, aynod na 0 shi ne babban fulda, sai naga a bayit na 12 zuwa 15, inda frag yake zaune wanda ya kamata ya zama sifili, akwai lamba. A nan gabana ya faɗi, a nan kuma na gane komai. Sabon direban da ya zo karanta babban fulda, type da nlink da size da mtime duk ya same su daidai don suna gaban gurbin da aka cire, amma da ya zo addrs[0] sai ya karanta tsohon gurbin frag, ya ga sifili. A wajen direban sifili yana nufin ba a ba fayil bulok a nan ba tukuna, to sai ya ɗauka fuldar fanko ce. Adireshin gaskiya ya matsa ya zama addrs[1], shi kuma bai leƙa can ba don sunayen duka basu cika bulok ɗaya ba. Da ya tashi buɗe fayil ɗin Talata sai ya nemi sabon bulok ya rubuta sunan a ciki, ya ajiye adireshin a gurbin frag, lambar da na gani kenan.

Sai ya tafi neman aynod da ba kowa. A lissafinsa aynod na 1 yana farawa a bayit na 60, alhali na gaskiya a 64 yake. Abin da ke bayit na 60 shi ne adireshin ƙarshe na babban fulda, sifili ne, shi kuma type in sifili ne ma'anarsa ba mai shi. Ya shimfiɗa fayil ɗin Talata daga 60 zuwa 120, ya danne kusan duk tsohon aynod na 1. Laraba ya je bayit na 120, nan ma ya tarar da sifili don fayil ɗin ranar farko ƙarami ne bai kai adireshi na 11 ba, ya shimfiɗa daga 120 zuwa 180, ya cinye tsohon aynod na 2. Wato kowace safiya in akawu ya buɗe sabuwar rana, katin shaidar wata tsohuwar rana ake gogewa, daga mafi tsufa ana gangarowa. Da an kai wata ɗaya a haka da ban san abin da zan ce wa Alhaji ba.

Abin da ya cece mu taswirar bulok ce. Fasalinta bai canza ba, saboda haka duk bulok ɗin da ke ɗauke da tsofaffin awo direban yana ganinsu a cike, bai rubuta komai a kansu ba. Tsohon bulok ɗin sunaye ma yana nan. Daga aynod na 3 zuwa sama ba abin da ya taɓa su. Auta ne ya rubuta ɗan kod ɗin ceton, na zauna kusa da shi ban karɓi kibod ɗin ba don ina son ya fita daga abin da hannunsa: a karanta teburin da ma'aunin 64 a kwaso duk ranakun da suka tsira, a karanta na 1 da na 2 da ma'aunin 60 a kwaso Talata da Laraba, sannan a tara duk bulok ɗin da taswira tace a cike suke amma ba aynod ɗin da ya nuna su. Guda takwas suka fito, ban da tsohon bulok ɗin sunaye. Kowane awo bayit 32 ne kuma yana ɗauke da kwanan watansa da lokacinsa, to jera su bai yi wuya ba, uku na ranar farko biyar na rana ta biyu. Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka gama, mai gadi har ya leƙo sau biyu.

Da asuba na buga a takarda na kai Dawanau. Ban ce wa Alhaji ya yarda da takardata haka kawai ba, nace a kira dattijon nan mai littafi a leda a gwada da nasa. Akawu yana karanta lamba da nauyi, dattijo yana bin layi da yatsa yana cewa "haka ne", har suka kai ƙarshe ba a samu saɓani ko na buhu ɗaya ba. Aka sallami mutane kafin a tafi masallaci. Na gaya wa Alhaji gaskiyar cewa laifin daga wajenmu ne, gyaran da muka yi ne ya jawo, yace "Allah ya kiyaye gaba, amma littafi kam an dawo da shi." Kuma yana da gaskiya, ban yi masa musu ba.

Ranar Litinin muka zauna a ofis, a nan aka yi gardama mai zafi. Abokin aikinmu mai tsofaffin bod yace a mayar da komai har awo_cache_node, kuma daga yau kar wanda ya sake goge layi ɗaya a awofs, abin da yake aiki a bar shi. Shi kuma Auta da ya ɗan farfaɗo sai ya kawo tasa, yace tunda gurbin banza ne me zai hana a ɗaga lambar fasali a babban bulok, a rubuta abin da zai juya tsofaffin memori zuwa 60, a huta. Duka biyun ban karɓa ba. Na farko zai mayar da mu inda yaro yake ɓata kwana biyu a kan gawa. Na biyu kuma mu ɗauki kasadar juya memorin mutane, a garin da wuta take ɗaukewa ba sallama, don ribar aynod ɗaya a kowane bulok, 17 maimakon 16, wannan ba ciniki ba ne.

Sai na buɗe musu fs/ext4/ext4.h na Linux don su ga yadda manya suka yi da irin wannan matsalar sak. ext2, fayil sistem ɗin Linux da Rémy Card ya fitar a 1993, kakan ext4, ya zo da gurbi a aynod mai suna i_faddr, na wannan dabarar ta gutsattsarin bulok da aka gani a fayil sistem ɗin BSD, kuma ext2 bai taɓa aiwatar da ita ba. Yau in ka buɗe struct ext4_inode gurbin yana nan a wajensa, bayit 4, sunan kawai aka canza ya koma i_obso_faddr da ɗan bayani a gefe cewa ya daina aiki. Fiye da shekara 30 ana ɗauke da shi. Wani gurbin kuma, i_dir_acl, da aka ga ba a amfani da shi sai aka ba shi sabon aiki ya zama i_size_high, shi ne yake riƙe saman girman fayil don a wuce iyakar bit 32, haka s_log_frag_size na babban bulok ya koma s_log_cluster_size. Suna canza suna, suna canza aiki, amma ba wanda ya matsar da maƙwabcin gurbi ko da bayit ɗaya, don akwai dis a duniya da aka rubuta tun kafin a haifi Auta kuma dole su ci gaba da buɗuwa.

Kuma kar wani ya ɗauka mutanen Linux tsoron gogewa suke yi. Direban ext3 sukutum suka cire a Linux 4.3 a 2015, amma sai da ya zama direban ext4 yana buɗe dis ɗin ext3 ba matsala. ReiserFS, wani fayil sistem ɗin, sun sanar za a yi ritayarsa a 5.18 a 2022, suka bar gargaɗi yana fita, sai a 6.13 farkon 2025 suka cire, mutane sun samu kusan shekara uku su kwashe kayansu. Haka abin da ke cikin include/uapi, wanda manhajojin waje suke dogara da shi, ko grep bai ga mai amfani da shi a cikin kanel ba ba a taɓa shi da garaje, don masu amfani da shi suna waje inda grep ɗinka baya kaiwa. Memorin da ke aljihun Alhaji ma waje ne.

Abin da ya ƙara min takaici, xv6 ɗin da aka kwaikwaya yana da maganin wannan a cikin mkfs ɗinsa, layi ɗaya ne na assert da yake duba cewa girman bulok ya rabu da girman dinode, wato aynod ɗinsa, ba saura. 1024 a raba da 60 saura 4, da nan take zai tsaya. Injiniyanmu na farko ya ɗauko fasali bai ɗauko wannan layin ba, mu ma shekaru muna kallon kod ɗin ba wanda ya lura. Amma ko shi bai isa ba, don da bayit 32 aka cire da ya wuce shiru. Saboda haka namu muka ɗaure shi tamau da BUILD_BUG_ON, girman aynod dole 64, offsetof na addrs dole 16, girman awo dole 32, in ɗaya ya motsa gini ya tsaya.

Gurbin muka mayar da shi da suna obso_frag, Auta ya rubuta bayani layi huɗu a kansa da Hausa da Turanci cewa ba mai karanta shi amma yana kan memorin kwastomomi, kar a cire. struct awo_frag shi kam ya tafi bai dawo ba, don tarihin git ya nuna ba a taɓa rubuta shi a memori ko sau ɗaya ba. awo_cache_node ma yana nan a goge. Hedar muka raba ta biyu, awo_disk.h na abin da yake sauka a memori, awo_mem.h na abin da yake rayuwa a ram kawai, na biyun kowa zai iya share shi in ya kawo hujjar grep da tarihi da objdump iri ɗaya, na farkon sai mutum biyu sun duba kuma ba a tsaye ba. Sannan muka samo wani tsohon memori na gwaji da aka rubuta da ginin shekarun baya, muka ajiye hotonsa a cikin ma'ajin kod, duk sabon gini sai ya buɗe shi ya ƙirga ranakun ciki da jimillar kilo ta fito daidai kafin a yi wa kowace na'ura filashin.

Saura na'urori biyun Singer. Su memorinsu da ma'aunin 60 aka yi musu fomat, suna aiki lafiya da gurɓataccen ginin, amma lambar shaidarsu iri ɗaya ce da ta masu 64, to ranar da wani ya yi musu filashin da gyararren gini abin da ya faru a Dawanau zai faru da su ta ɗaya gefen. Na manna jan tef a bayan kowacce a ranar da na tuna, na rubuta 60 da maka. Ɗaya mun je bayan la'asar da aka tashi kasuwa, muka kwashe ranakun da gurɓataccen ginin da ke kanta, muka yi filashin, muka yi fomat, muka mayar, mai sito yana tsaye yana gwada jimilla da littafinsa. Ɗayar mai ita ya yi tafiya ya kulle sito, sai bayan sati uku ya dawo, kuma duk tsawon sati ukun nan da safe in Auta ya shigo kafin ya ajiye jaka sai yace "Oga, mutumin Singer ya dawo?" Ranar da ya dawo shi na tura shi kaɗai da laftof da filas biyu, ya kira ni daga can yace ya yi dd sau biyu, zai fara.